BA A BIYA A MOTAR NAN — Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun ban wanke ido ba, to ga shi, ku bar ni in sha shayina. Mun tsaya inda Baba Gumbi, shugaban masu tasi, wato ƙananan bas ɗin haya, ya yarda motar kamfani ta bi hanyarsu bisa sharaɗi ɗaya tak. Yau Litinin ɗin ta zo.

* * *

Motar ba ta gama shawo kwanar coci ba matan unguwar Inanda suka ɗau guɗa.

"Ga ta nan! Ga ta nan!"

"Kai, ku duba min girma! Wannan ai gida ce guda!"

Sisi Hleziphi, wadda duk ɗakin ɗinkin kamfani babu mai bakinta, ta dire robar amagwinya, irin fanken nan da take sayarwa, a gefen titi ta hau taka rawa, ɗankwali ya zame bai dame ta ba.

"Yau ni ce matar manaja!" ta ce. "Wanda ya taka min ƙafa sai ya biya tara!"

Zibuyile na tsaye a ƙofar mota tana dariya har da hawaye. Ita ce wakiliyar ma'aikata, kuma ita ta yi ta zarya ofishin manaja tun ranar da masu tasi suka sake ƙara kuɗin mota. A da cikin albashi kamfani ke cusa musu kuɗin zirga-zirga. Haraji ya yagi nasa, masu tasi su lashe saura, wata bai ƙare ba ka ga mata suna saɓar hanya a ƙasa. Ita ta binciko cewa in kamfani ne ya ɗauko mota da kansa ya kwashi ma'aikatansa, haraji ba ruwansa da ita. Da ƙyar manaja ya yarda, shi ma da sharaɗinsa: gwaji ne, in motar ta makara ko aka yi rigima da masu tasi ko sau ɗaya, ya soke, kowa ta koma layin tasha.

Ta tafa hannu da ƙarfi.

"Ku saurare ni kafin kowa ta hau! Me Baba Gumbi ya ce?"

"Ba a biya a motar nan!" suka amsa baki ɗaya.

"Ban ji ba!"

"BA A BIYA A MOTAR NAN!"

"Yauwa. Ko ƙwandala ta motsa a ciki, sun ce ta zama tasi, tasi kuwa a hanyarsu tasu ce, za su kama ta. Kowa ta zuge jakarta. Sisi Hleziphi, da ke nake. Yau ba ciniki."

"Haba Zibu, amagwinya masu zafi fa!"

"Ki raba kyauta."

"Kyauta? Gara in zauna a kansu!"

Aka sheƙe da dariya, aka fara shiga ana ture-ture kamar ba kowa ke da kujerarta ba.

Can ƙarshen layi wata dattijuwa ta taho a hankali, ta ja hular ulu har gira, ta lulluɓe da bargo. Zibuyile ta riƙo hannunta ta taimaka mata hawa, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, ki wuce can baya, lungun taga. Kada ki ɗago kai sai mun bar unguwa."

"Kin ga yayanki?"

"Ban gan shi ba. Amma yau duk 'yan sintiri suna kan hanya."

MaNgidi, mahaifiyar Zibuyile, ta ƙara jan bargo ta wuce.

Abin da ke nan, ku da ba ku manta ba: Velaphi, yayan Zibuyile, shi ne babba a 'yan sintirin ƙungiyar masu tasi. Ranar da aka binne mahaifinsu ya rantse a gaban dangi uwarsa ta gama aiki a duniya. Bai san ta daɗe da komawa ba. Zare take yankewa a kamfanin ɗinkin nan na Pinetown, shi kuwa ta ce masa addu'ar safe ta matan coci take zuwa.

Mota ta tashi.

Jama'a, zo ku ga murna! Wata ta ɗauko waƙar coci daga tsakiya, baya suka amsa, gaba suka amsa, ana buga jikin kujera ana tafi. Suka wuce tasha, ga layi nan ya miƙe har bayan shagon mai nama, mutane sun rungume hannu saboda sanyin safiya.

Hleziphi ta zuge gilashi ta leƙa.

"Sannunku da tsayuwa! Mu mun yi gaba!"

"Sisi, rufe gilashin nan!" Zibuyile ta daka mata tsawa, amma ita ma dariyar take.

"Bar ni in huce! Shekara nawa ina zama a kan gwiwar ƙattai, kaina a hammatar wani?"

"Kuma ki biya kuɗin kujera cikakke!" wata ta ƙara.

"Ni abin da zan yi da kuɗin motar watan nan, takalmin makaranta zan saya wa ɗana."

"Ni kaza! Kaza guda, ba ƙafafu da wuya ba!"

Direba, wani dattijo mai furfura a gemu, ya girgiza kai yana murmushi. Ya ce ya tsufa yana tuƙa tasi kafin ya koma wannan aiki, bai taɓa ɗaukar fasinja masu farin ciki irin na yau ba.

Zibuyile na zaune a kujerar gaba kusa da shi, waya a kunne, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"E, ranka ya daɗe, mun taso! Kowa na ciki! Kana jin waƙa? Za mu iso kafin a kaɗa ƙararrawa, na yi maka alkawari!"

To a nan ne abin ya faru, kuma na rantse muku babu wadda ta yi da gangan.

Duk wanda ya tashi a cikin tasi ya san yadda ake biya. Na baya ya taɓa kafaɗar na gabansa, kuɗi ya bi hannu-hannu, layi bayan layi, har ya isa wurin na kujerar gaba, shi ya miƙa wa direba. Ba a magana, ba a waiwaye. Hannu ne ke aikinsa, kai yana wani wuri.

MaNgidi ta samu kujera mai laushi da ɗumi, barci ya sace ta. Sai da mota ta yi tsalle a kan tudun da ke gaban gada ta farka a firgice. A daidai gadar nan ake fara tara kuɗi kullum. Kafin hankalinta ya dawo jikinta, hannunta ya riga ya shiga ƙirji ya zaro takardar randi ashirin, ya taɓa kafaɗar ta gaba.

Ta gaba tana tsakiyar waƙa. Ta karɓa, ta taɓa ta gabanta.

Waccan tana ba da labarin surukarta. Ta karɓa, ta miƙa.

Hleziphi ma, da bakinta cike da amagwinya, ta karɓa ta miƙa.

Aka taɓa kafaɗar Zibuyile. Tana cewa "sai mun iso, ranka ya daɗe," hannunta ya karɓa ya miƙa dama. Direba idonsa na kan jar wutar da ta tsayar da su, tafin hannunsa na hagu ya buɗe da kansa.

Takardar na sauka a hannunsa su biyun suka kalle ta.

"Wayyo Allah," Zibuyile ta ce.

Ta ɗago ido. A bakin titi, dab da gilashin gaba, wani dogo ne tsaye cikin falmaran mai ƙyalli ta 'yan sintiri, idonsa a kan hannun direba.

Velaphi.

Bai yi ihu ba. Yatsa kawai ya ɗaga. Wata farar mota ta zabura daga gefe ta gitta a gabansu, ƙiiii!

Waƙa ta mutu daga gaba zuwa baya.

Ya yi gajeren kira a waya, sannan ya buga ƙofa da tafin hannu. Direba ya buɗe. Velaphi ya hau, ya miƙa hannu ya kashe motar, ya zare makulli ya jefa a aljihu.

"Baba, buɗe hannunka."

"Ɗana, tsaya ka ji..."

"Buɗe."

Ga ta nan, a nannaɗe.

Zibuyile ta miƙe. "Bhuti, yayana, kuskure ne."

"Kuskure."

"Sabo ne! Kai ma ka sani, hannu ne kawai..."

"Na gaya miki ko ban gaya miki ba? A gaban Baba Gumbi na tsaya miki. Na ce ƙanwata ce, in ta ce ba za a karɓi kuɗi ba, ba za a karɓa ba. Dariya aka yi min a tasha, Zibu. Ana ce min ƙanwarka ta kwashe mana fasinja kana washe baki. Ranar farko! Ko rabin hanya ba ku yi ba!"

"To ka karɓi kuɗin ka yaga! Ka bar mu mu wuce, don Allah. In muka makara an soke motar nan."

"Da ma ai sokakkiya ce."

Hleziphi ta haɗiye abin da ke bakinta ta taso.

"Haba ɗan samari, kai ba a yi maka uzuri ne? Kuɗin amagwinya ne, ni aka miƙo wa ya zarce."

"Sisi, zauna."

"Ni na goya ka fa, har fitsari ka yi min a..."

"Na ce ki zauna!"

Ta zauna. 

Velaphi ya juya ya fuskanci motar.

"Wace ce ta biya?"

Mata suka kalli juna.

"Ba ku ji ba? Baba Gumbi yana hanya, na riga na kira shi. Wadda ta biya ita za ta tsaya a gabansa ta yi bayani. Wace ce?"

Kowa ta sunkuyar da kai. Gaskiya yawancinsu ba su ma sani ba. Zibuyile kuwa ta hango lungun baya, ta ga bargo yana karkarwa.

"Ni ce," ta ce da sauri. "Nawa ne."

Ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ke da ke gaba? Da idona na ga an miƙo miki ta kafaɗa."

Ya zare takardar daga hannun direba ya ɗaga ta sama.

"Ba sai kun faɗa ba. A tasi aka haife ni. Canji bai taɓa ɓata hanya ba, duk hannun da ya kawo shi ya san inda ya karɓo." Ya danƙa wa Zibuyile. "Mayar."

"Bhuti..."

"Mayar da shi inda ya fito!"

"Na roƙe ka, kada ka yi haka. Kai za ka ji kunya, ba mu ba."

"Ni? Mayar!"

Ta ƙi motsi. Sai ya fizge ya miƙa wa ta bayanta da kansa.

"Ke. Wa ya ba ki?"

Yarinyar ta fashe da kuka, ta miƙa baya ba tare da ta waiwaya ba.

Takarda ta kama hanya. Velaphi na bin ta a tsakanin kujeru, taku ɗaya-ɗaya. Ta iso hannun Hleziphi. Hleziphi ta waiwaya, ta bi layin da ido har lungu, sai ta gane. Ta dunƙule hannu ta cusa a hammata.

"A nan ta tsaya. Tawa ce. Kai ni wurin Gumbin, da ma ina da magana da shi."

"Sisi, na ga mai jan ɗankwali ta taɓa ki. Miƙa mata."

"Velaphi, ka ji tsoron Allah ka koma gaba."

"Miƙa!"

Mai jan ɗankwali ta karɓa da kanta don tsoro, ta miƙa baya. Saura layi biyu. Saura ɗaya.

Zibuyile ta rufe baki da hannu biyu.

Ta ƙarshen ta juya, ta miƙa wa mai bargo. Mai bargo ba ta karɓa ba. Takardar ta tsaya a iska.

"Gogo," Velaphi ya ce, ya ɗan sassauta murya ganin tsohuwa ce, "karɓi kuɗinki ki taso. Ba mai taɓa ki. Bayani kawai za ki yi."

Hannu ya fito daga cikin bargo. Yatsun duk a naɗe da filasta saboda almakashi. Ya karɓi takardar, sannan ya ture hular baya.

"Ga ni, Velaphi."

Ku zo ku ga ƙato ya ja da baya har ya bugi kujera!

"Mama?"

"Ni ce."

"Mama, me... me kike yi a nan? Ba coci kika tafi ba?"

"Cocin ke nan. Pinetown yake."

Wata ta yi ƙaramar dariya ta tsoro, aka zungure ta.

"Aiki kike yi?" ya ce. "Ke? Ina raye?"

"Kana raye, ɗana, kuma kana ƙoƙari. Amma ka ɗauka ban ga yadda kake dawowa ba? Mai ya tashi, kuɗin bashin motarka na wata yana shaƙe ka, abin da kake ajiye min a kan firji kullum raguwa yake. Ga 'ya'yan marigayiya yayarku a gabana. In ce maka ka ƙara? Daga ina?"

"Da kin faɗa min!"

"Da ka sayar da motar. Na san ka."

Ya juya ga ƙanwarsa, ido jawur.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Kin sani kika bar ni ina buga ƙirji a tasha, ina cewa uwata ta huta?"

"Ita ta hana ni."

"To a wace mota take zuwa? Duk yarana sun san ta, da an gaya min!"

MaNgidi ta kalle shi ido cikin ido.

"A ƙasa nake tafiya har tashar ƙetaren rafi, inda ba a san ni ba. Da kuka yi ƙarin nan na ƙarshe kuwa, in wata ya yi nisa, a ƙasa nake dawowa daga gada, don kuɗin ba ya kai ni gida."

"Daga gada? Mama, da wannan gwiwar?"

"Ba ni kaɗai ba. Ka dubi ƙafafun matan nan."

Bai duba ba. Ya dafa kujera ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na hawa da sauka. Wallahi ni kaina a nan ya ba ni tausayi.

"Laifina ne," ta ci gaba. "Barci ya ɗauke ni, na farka na ga gada, hannuna ya riga ni. Tunda nake ban taɓa hawa motar mutum ban biya ba. In saukewa za ka yi, ni ka fara saukewa, ka kai ni gaban Gumbi da hannunka. Amma matan nan ka bar su su isa wurin aiki. Ƙanwarka ta sha wuya a kan motar nan."

Sai ga hon daga baya, mai nauyi, sau biyu.

Wata baƙar mota ta tsaya a bayansu, tasi uku na biye da ita. Ƙofofi suka buɗe, maza suka firfito. Baba Gumbi ya sauko a hankali da sandarsa, ya zagayo ya tsaya a ƙofar motar kamfani. Bai hau ba.

"Velaphi!"

"Baba."

"Ka ce ka kama su hannu da hannu. Fito min da wadda ta biya, ka miƙo makulli."

MaNgidi ta yunƙura za ta tashi. Velaphi ya dafa kafaɗarta ya mayar da ita kujera. Ya ja bargon ya rufe mata gwiwa.

"Zauna, Mama."

Ya taho gaba. Da ya zo daidai Zibuyile bai kalle ta ba, ya dai zaro makulli ya ajiye a cinyar direba.

"Baba direba, tayar."

"Ɗana, ka tabbata?"

"Tayar na ce!"

Ya dira ƙasa, ya wuce Baba Gumbi kamar bai gan shi ba. Ya finciko yaron da ke cikin farar motar, ya shiga, ya ja ta baya da ƙarfi har taya ta hau dakali. Hanya ta buɗe fayau.

Matan suka miƙe tsaye gaba ɗaya.

"Ya buɗe! Ya buɗe mana!"

"Allah ya yi maka albarka, ɗan MaNgidi!"

Hleziphi ta callara guɗar da ta fi ta ɗazu.

Amma guɗar ba ta kai ƙarshe ba. Velaphi na fitowa daga farar motar mazan suka yi masa zobe. Baba Gumbi ya nuna shi da sanda.

"Me na gani haka? Kai ne ka kira ni."

"Ni ne, Baba. Na yi kuskure. Ba wanda ya biya."

"Yaranka sun gani."

"To sun ga ƙarya. Motar nan za ta wuce."

"Da izinin wa?"

"Da nawa."

Wani ya cafki wuyan falmaransa ta baya. Wani ya hankaɗe shi ya bugi jikin farar motar. Ya ɗago kai ta saman kafaɗunsu yana neman ƙanwarsa, ya wage murya.

"Zibu! Ku tafi! Ku tafi mana!"

Injin ya kama. Wuta ta koma kore. Motocin baya suka hau hon.

A can lungu MaNgidi ta yar da bargo tana dukan gilashi da hannu biyu.

"Ku tsaya! Ɗana! Zibuyile, ki ce ya tsaya, za su illata min shi!"

Wayar Zibuyile ta hau ruri a hannunta, sunan manaja a jiki. Mata cike da mota sun zuba mata ido.

Direba ya saka giya, ƙafarsa a kan birki, ya juyo ya kalle ta.

"'Yata, ke ce shugaba. In taka, ko in kashe?"